A bar yara su yi tambaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun hutun ƙaramar Sallah.

Mun je lambun Gamji na nan Kaduna shan iska, ni da ɗana da jikana mai shekara goma sha ɗaya. Yaron ya hango tsohuwar gadar ƙarfen nan ta masu tafiya a ƙasa, ya ja hannun rigata ya ce, "Baba Malam, wa ya kawo wannan? Me ya sa ta yi ƙanƙanta?" Kafin in buɗe baki uban ya daka masa tsawa: "Kai ka cika surutu, wuce mu tafi!" Yaro ya yi tsit. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, domin a wurina uban ya koyi wannan tsawar. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a firamare. Yaron da ya haddace abin da muka rubuta a allo ya maido mana ba ragi ba ƙari, shi ne na ɗaya. Wanda ya ɗaga hannu ya ce "Malam, don me?" sai mu ce fitsararre ne, wani lokaci har da bulala. Allah ya yafe mana.

Da muka koma gida na zaunar da jikan nawa. Na ce gadar Gwamna Lugga ce, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904 lokacin can ne hedikwatar Turawan mulki a Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo nan a 1954. Ita hedikwatar tun 1917 ta dawo Kaduna, saboda ga ruwa ga hanyar jirgin ƙasa. Sai ya ce, "To kafin Turawa su zo, su wa ke zaune a nan?" Na ce Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari. Ya yi shiru, can ya ce ashe abokinsa na aji, Bagwari, ya riga mu zama ɗan Kaduna. Wallahi ban taɓa koya wa wani aji abin da ya kai wannan ba, kuma ba ni na faɗa masa ba, shi ya kai kansa.

Abin da ke damuna, mun hana su tambaya suna ƙanana, yanzu mun miƙa musu waya. Saƙon murya ya shigo WhatsApp, ba a san mai maganar ba, ba a san ranar da ya yi ta ba, saurayi mai gemu ya tura wa mutum hamsin. Ka ce masa wa ya faɗa, ya ce "an ce". Mu mutanen Kaduna da muka ga rikicin shekarar 2000 da idonmu mun san abin da "an ce" ke jawowa. Tun daga lokacin kogin Kaduna ya zama kamar katanga. Akwai yara a Rigasa da Tudun Wada da ba su taɓa taka Sabon Tasha ba, haka na can ba su san Kawo ba sai a labari, kuma labarin ba mai daɗi ba.

Ga shi kuma kayan tarihin na nan kusa, kuɗin Keke Napep kawai. Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna har daren 15 ga Janairu 1966, yana nan a titin Rabah, tun 1970 aka mai da shi cibiyar binciken tarihi. Gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu yana nan. Mutum-mutumin yumɓun Nok da duniya ke magana a kai, sun haura shekara 2,000, kuma sunan ƙauye ne a ƙasar Jaba, cikin jiharmu. Iyaye nawa ne suka taɓa kai 'ya'yansu? An cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe shekaru kafin a dawo da shi, mu ma a gida ba mu cike giɓin ba. Tatsuniyar dare ma ta tafi tare da kakanninta.

Na san za a ce ina son lalata tarbiyya. A'a. Yaro ya durƙusa ya gaida babba, ya kuma tambaye shi dalili, ɗaya ba ya kore ɗaya. A zaurukan malamanmu na da, ɗalibi na tsayar da malami a kan kalma guda har sai ya gamsu, ba wanda ya kira shi marar kunya. Mu ne fa muke cewa matambayi ba ya ɓata.

Malam Edita, da za ka ware ko rabin shafi ne a mako, yara su riƙa aiko da tambayoyinsu da sunan makarantarsu, masana su amsa da Hausa, da ka taimaka. Nawa jikan ya riga ya tanadi tasa: tunda daga kadduna aka samo sunan garin, ina kadojin suka tafi? Asabar mai zuwa za mu je Gidan Arewa, na ce wa uban shi ma ya shirya.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna