Wasiƙa daga Manila: Dattijo mai riga lamba 7

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara duka. Ni ma nan lafiya lau, sai damina da ta kankama; tun watan Yuni rabon da takalmina ya bushe sarai.

Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau uku. Inda ya tsaya mini a rai shi ne wurin da ka ce ka cika shekara 39, gwiwa ta fara yi maka ƙorafi, kana tunanin daga ƙarshen shekarar nan ka daina shiga fili da yaran da kake koya wa ƙwallon kwando, ka koma gefe da usur a wuya. Ban ba ka amsa a waya ba don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Akwai labarin wani mutumin ƙasar nan da nake so ka ji, wanda shi ma yana da shekara 39 cif a daren da ya yi abin da har yau ake ba jikoki labari.

Ka san a Filifin ƙwallon kwando shi ne kamar ƙwallon ƙafa a wurinmu, har ma ya fi. Amurkawa suka kawo shi lokacin da suke mulkin ƙasar, mutanen kuwa suka riƙe shi hannu bibbiyu, har suka zo na uku a gasar duniya ta 1954 a Brazil. Kowane lungu akwai kwando a jikin falwaya ko bishiyar kwakwa, yara na tsalle da silifa. Mai gidan da nake haya, tsohon direban motar haya ne, a falonsa akwai hoton wani mutum sanye da riga mai lamba 7. Da farko na ɗauka ɗan'uwansa ne. Da na tambaya sai ya ajiye kofin shayinsa, ranar ban kwanta da wuri ba.

Sunan mutumin Robert Jaworski, suna ce masa Sonny. An haife shi a 1946 a Baguio, wani gari mai sanyi a kan duwatsu. Mahaifinsa Ba'amurke ne mai asali da Polan, shi ya sa sunan ya fita daban, mahaifiyarsa kuwa 'yar ƙasa ce. Ba wani dogo ba ne a ma'aunin wasan, ƙafa shida ne da ɗan ɗoriya, kusan tsayinka. Ya yi wasa a jami'a a Manila a hannun koci Baby Dalupan, ya je gasar Olamfik ta 1968 a Meziko yana ɗan shekara 22.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Mutum ne mai zafin zuciya. A ƙarshen 1971, a wani wasa da ƙungiyar Crispa, shi da abokin wasansa suka kai wa alƙalan wasa hannu, aka haramta musu wasa har abada. Sai a 1973 aka yafe musu, ya dawo ya taimaka wa ƙasarsa ta ci kofin Asiya a Manila. Ni dai a wurina dukan alƙali ba jarumtaka ba ce, kuma na san kai ma yaron da ya yi haka a filinka sai ya kwana biyu a benci.

A 1975 aka kafa gasar ƙwararru ta PBA, irinta ta farko a nahiyar Asiya. An buɗe ta a zauren Araneta da ke Cubao, wanda a cikinsa ne Muhammad Ali ya kara da Joe Frazier a watan Oktoba na shekarar. Na shiga zauren nan da ƙafata, na tuna yadda babanka, Allah ya jiƙansa, yake ba mu labarin damben. Jaworski yana ƙungiyar Toyota, ita da Crispa kamar wuta da auduga. Toyota ta ci kofi tara, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon shekarar 1978. Da Toyota ta watse a 1984 sai ya koma ƙungiyar da aka fi sani da Ginebra. Sunan wata giya ne, don kamfanin giya ke da ƙungiyar. Abin bai yi mini daɗi ba, shi ya sa ban taɓa sayen rigarsu ba duk da ina kallon wasansu. A can aka ba shi aiki biyu: shi ne koci, shi ne kuma ɗan wasa. Aikinka ke nan, mutumina.

To ga daren. Ranar 22 ga Oktoba, 1985, suna wasa da Northern Consolidated, matasa majiya ƙarfi waɗanda su ne 'yan wasan ƙasa a lokacin. Kafin a tafi hutun rabin lokaci wani ɗan wasansu, Jeff Moore, ya same shi da gwiwar hannu a baki, leɓe ya tsage, jini ya wanke masa riga. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka yi masa ɗinki tara. Kowa ya ɗauka shi da fili sai wani makon. Ana cikin wasa sai ga shi ya shigo da filasta a baki. Mai gidana ya ce a talabijin ya gani, kuma ihun da aka yi a unguwarsu ya ta da masu barci. An ba su ratar maki 15, ga lokaci yana ƙurewa. Ya shiga, ya dinga raba ƙwallo yana jefawa, har suka cike giɓin suka ci wasan.

Abin da na daɗe ina juyawa shi ne, wasan nan ba na ɗaukar kofi ba ne. Da ya wuce gida daga asibiti babu wanda zai zarge shi. Amma yaransa suna fili ana cin su, shi kuwa ba ya iya koyarwa daga nesa. Daga daren nan talakawan Manila, 'yan dako da direbobi da masu talla, suka ɗauki ƙungiyar ta zama tasu. Kirarinta da Turanci suke yinsa, “Never Say Die”, mu da sai mu ce ba gudu ba ja da baya. Har yau in Ginebra na wasa za ka ji zaure ya ɗauka gaba ɗaya, “Gi-ne-bra! Gi-ne-bra!”, ko da a garin abokan karawarsu ake yi.

Sun ci kofi a 1986 da 1988. Sai dai a 1990 kirarin ya sha ƙasa: a wasan ƙarshe da ƙungiyar Shell suka fusata da alƙalanci, suka fice daga fili, aka miƙa wa Shell kofi, aka ci su tara mai nauyi. Mai gidana bai so in tsaya a kan wannan ba, ni kuwa na tsaya, don abin da ya biyo baya bai da daɗin ji sai da shi. Shekara na zagayowa suka sake haɗuwa da Shell ɗin. Tsarin shi ne wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi. Shell ta ci uku, su ɗaya. Wannan karon ba su fita ba. Suka ci na biyar, suka ci na shida, a na bakwai saura daƙiƙa biyar Rudy Distrito ya jefa ƙwallo yana faɗuwa, ta shiga, aka tashi 104 da 102. Kafin su babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan rami a gasar. Jaworski na da shekara 45.

Sauran a taƙaice: shi ya ja 'yan wasan ƙasa zuwa gasar Asiya ta 1990 a Beijin suka zo na biyu bayan Sin. Ya ci kofinsa na ƙarshe a 1997 yana da shekara 51, ɗansa na cikinsa yana cikin 'yan wasan. A 1998 ya bar fili aka zaɓe shi sanata, ya yi shekara shida. A 2012 ƙungiyar ta jingine lamba 7, ba mai sake sa ta.

Kada ka ɗauka cewa nake ka yi wasa da ciwo. Ka je likitan ƙashi ya duba gwiwar nan tun kafin sanyi ya shigo, in ya ce ka huta ka huta. Shi ma Jaworski a shekarunsa na ƙarshe ba duk wasa yake shiga ba. Wani lokaci minti kaɗan zai yi, ya daidaita yara, ya koma benci, kuma jama'a kan yi ta kiran sunansa har sai ya tashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yanke hukunci don kawai ka ga 39 a takarda. Na ga yadda yaran nan suke canzawa in ka cire babbar riga ka shiga tsakiyarsu. Wancan siririn da ba ya iya jefawa da hagu, ba da usur ka gyara shi ba, gabansa ka tsaya kullum har ya koya.

Akwai wani ɗalibi ɗan garinmu da zai dawo gida hutun Disamba. Zan ba shi abin ɗaure gwiwa guda biyu da ragar kwando, don na tuna taku ta yage tun kafin in taho. Ka auno mini kaurin gwiwarka da tef ɗin tela ka turo, kada in sayo wanda zai matse ka. Ka kuma gaya mini abin da likita ya ce.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arta, jarrabawa ta matso. Ka shafa mini kan yara.

Naka amini,
daga Manila