Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Wane Amfilifaya Makaɗin Jita Zai Hau Dandamali Da Shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin makaɗan jitar lantarki, wato wane irin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sautin jita) ya kamata mai wasa a bainar jama'a ya saya: tsohon yayi mai bawul, ko kuwa na dijital mai kwaikwayon sautin wasu. Na shafe shekaru ina hawa dandamali da na farkon kafin in koma wa na biyun, saboda haka abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da kunnena ya ji da kuma abin da gadon bayana ya ɗauka.

Bawul ɗin da ake magana wani ƙwai ne na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, mai kama da ƙwan lantarki, wanda ba ya aiki sai ya ɗauki zafi. Tun a 1906 Lee de Forest ya ƙirƙiro irinsa mai ƙara ƙarfin sigina, kuma ko da taransisto ya bayyana a 1947 ya kore shi daga rediyo da talabijin, makaɗan jita sun ƙi rabuwa da shi. Suna da hujja. Idan aka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, a hankali yake lanƙwasa sautin, sai a ji wani gurnani mai taushi ya shigo. Idan makaɗi ya shafi tsirkiya da lallami sauti ya fito garau, idan ya fizge ta da ƙarfi sai ya yi kaushi, duk ba tare da ya taɓa maɓalli ko ɗaya ba. A kan wannan hali ne kamfanonin Fender na Amurka da Vox da Marshall na Ingila suka yi suna, kuma har gobe ana ƙera Vox AC30 da Marshall JTM45, wanda ya fara fitowa a 1962, kusan yadda aka san su tun asali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban ɗayansu yana jin iskar lasifika tana kaɗa masa wando ya san abin da nake nufi, kuma ba zan yi musun daɗinsa ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wannan daɗi yana fitowa ne sosai idan an murɗa ƙara ta yi sama, kuma wat 30 na AC30 ya isa ya cika matsakaicin zaure har ya danne muryar mawaƙi. Mutane da yawa suna ruɗuwa da lissafin wat, alhali sai an ninka ƙarfi kimanin sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu. Ke nan amfilifaya mai wat 10 rabin ƙarar mai wat 100 yake da ita. A mafi yawan wuraren da na yi wasa, kafin in kai inda sautin yake min daɗi, injiniyan sauti ya riga ya ɗago hannu yana min alamar in rage, domin jitata tana kutsawa cikin makirufon mawaƙi tana dagula masa aiki. In rage, sai sautin ya kwanta ya zama lami, na ɗauko kaya mai nauyi a banza. Ga kuma batun kunne, wanda mu makaɗa muka fi kowa wasa da shi: masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade awa 8 ga ƙarar da ta kai desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 85, amma idan ta kai 100 bai kamata a wuce minti 15 ba.

Nauyin nan ma ba abin rainawa ba ne. Fender Twin Reverb mai wat 85 yana da kimanin kilo 29, galibi saboda manyan taransifomominsa da maganaɗisun lasifikokinsa biyu, alhali na dijital da kamfanin da kansa ya fitar a 2019 da sunan Tone Master, mai siffa iri ɗaya, kilo 15 ne. Wanda yake da yaran ɗaukar kaya ba zai ga bambanci ba. Wanda kuwa zai hau bene da shi da kansa, ya sake saukowa da shi ƙarfe biyu na dare bayan an tashi daga wasa, ya san kilo 14 ba wasa ba ne.

Abin da ya raba ni da nawa mai bawul ya faru ne wani dare a tsakiyar waƙa ta uku. Na ji sautin ya fara tsatsa yana ɗaukewa, da na leƙa baya sai na ga ɗaya daga cikin manyan bawul ɗin ya yi ja wur kamar garwashi, kafin in kai hannu fiyus ya ƙone, komai ya yi tsit. Na ƙarasa wasan da jita a jone kai tsaye cikin miksa, wato na'urar da injiniyan sauti ke haɗa sautuka da ita, da wani siririn sauti mai ban kunya. Laifina ne, domin bawul abu ne mai ƙarewa, kuma na san sun tsufa. Amma canza su ma aiki ne: manyan sai a samo su tagwaye masu ƙarfi ɗaya, a yawancin amfilifaya kuma sai gwani ya daidaita wutar da ke ratsa su. Ina gargaɗin masu karambani cewa wutar cikin akwatin nan tana haura bolt 400, kuma tana iya maƙalewa a ciki ko bayan an cire shi daga soket. Haka nan kunna shi ba tare da an jona lasifika ba yana iya ƙona taransifoma. Masana'antun da suka rage suna ƙera bawul ɗin ma 'yan ƙalilan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 aka shiga ƙarancinsu a duniya.

Shi kuwa na dijital, kwamfuta ce ƙarama da ke karɓar siginar jita ta mayar da ita lambobi, ta lissafa yadda wani amfilifaya mai bawul da akwatin lasifikarsa za su sarrafa ta, sannan ta mayar da ita sauti. Mafi yawan masu zaginsa da na sani sun tsaya ne a zamanin POD, ɗan jan akwatin nan mai siffar wake da kamfanin Line 6 ya fitar a 1998. An yi nisa tun daga nan. Axe-Fx na Fractal Audio ya zo a 2006, Kemper na Jamus ya biyo baya a 2011 da dabarar sauraron amfilifaya na gaske ya ɗauki hoton sautinsa, sai Helix a 2015, sai Quad Cortex na ƙasar Finlan a 2021. Manyan ƙungiyoyin kiɗa irin su Metallica, waɗanda ba kuɗin sayen bawul suka rasa ba, sun daɗe suna yawon duniya da irin waɗannan na'urori, saboda sautin daren jiya shi ne na daren yau, kuma waya ɗaya ta isa ta kai shi miksa. Jinkirin da ake zarginsa da shi 'yan milisakan ne, alhali shi kansa sauti yana cin kusan milisakan 3 kafin ya yi tafiyar mita ɗaya a iska. Wanda ya ja da baya taku biyu daga lasifikarsa ya riga ya jawo wa kansa jinkirin da ya kai haka.

Amma zan ci amanar masu karatu idan na ɓoye aibinsa. Abin da yake fitarwa sautin amfilifaya ne kamar yadda makirufo ya ji shi, irin wanda ake ji a faifai, saboda haka makaɗin da ya saba jin akwati yana ruri a bayansa zai ji kamar an raba shi da wani abu. Idan wurin wasa ba shi da lasifikar sa ido mai kyau, wato wadda ke fuskantar makaɗa, to mai na'urar dijital ya zama maraya, yana kaɗawa bai jin kansa. Na biyu, kuma nan ne na fi shan wahala, sautin da mutum ya tsara a ɗakinsa da ƙaramar ƙara yana rikiɗewa a dandamali, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifin sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa, sai mutum ya yi ta ƙara su bai sani ba. Ranar da na fara fita da nawa, sautin da na kwana ina alfahari da shi ya fito da tsini kamar ana yanka kwano, ga wani kauri da ya cushe wa mai jitar bes wuri, ni kuma ina durƙushe ina laluben shafukan allo mai faɗin tafin hannu yayin da mai ganga yake jirana. A amfilifaya mai bawul da murɗa maɓalli biyu na gama. Na uku, amfilifaya mai bawul da aka ƙera shekara 60 da suka wuce yana gyaruwa a hannun mai gyaran da ya san aikinsa, amma na dijital idan allonsa ya mutu sau da yawa sai dai a koma ga kamfani, kuma da sabo ya fito darajar tsohon take faɗuwa.

Duk da haka, ga inda na tsaya. Makaɗin da ke wasa sau da yawa a mako, a wurare daban-daban, yana kaɗa waƙoƙi masu buƙatar sauti iri-iri a dare ɗaya, kuma shi ne ɗan dakon kansa, na dijital ya fi dacewa da shi, da sharaɗin ya haɗa da tasa lasifikar mai wuta ko abin sauraro na cikin kunne, ya tsara sauti uku ko huɗu kacal da ƙarar da zai yi wasa da ita tare da sauran 'yan ƙungiya, ya rabu da sauran ɗaruruwan da aka cusa a ciki. Wanda kuwa sauti ɗaya ya riƙe, yana wasa a ƙananan wurare inda amfilifayansa ne kaɗai zai kai jita kunnen jama'a, to ya nemi mai bawul mai wat 15 zuwa 22, irin Fender Deluxe Reverb, wanda zai iya murɗawa ba tare da an harare shi ba, ya kuma riƙa tafiya da fiyus da bawul na ko-ta-kwana. Kowanne mutum ya zaɓa, ina ba shi shawara ya ara ko ya yi haya ya gwada shi a atisaye tare da mai ganga kafin ya zuba kuɗinsa, domin a gwajin minti biyar cikin shiru kusan kowane amfilifaya daɗi yake yi. Ni dai tsohon nawa yana nan a gida, na sa masa sababbin bawul, kuma nakan kunna shi ranar da ba ni da inda zan kai shi.

Na gode da wannan dama da aka ba ni.

Naka,
Wani makaɗin jita, mai karanta jaridarku a kullum.