Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu: Batun Rajistar Tambari

Assalamu alaikum iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa masu sana'ar hannu na Asawase, Aboabo da Sabon Zango a Kumasi.

Tarurrukan wata-wata sun gudana, adashi bai tsaya ba, kuma ma'aji zai karanta lissafin kuɗi da bakinsa. Abin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne rajistar tambari, wato alamar da ke bambanta kayan mutum da na wasu a kasuwa.

Da muka bi takardun mambobi, mun tarar yawancinmu rajistar sunan kasuwanci kawai muka yi, muna zaton ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Tun da dokar kamfanoni ta 2019 ta ware ofishin rajistar kamfanoni daban, sunan kasuwanci can yake, tambari kuwa yana nan ƙarƙashin sashen Babban Magatakarda, bisa dokar tambarin kasuwanci ta 2004 da aka gyara a 2014. Wanda takardar farko kaɗai ke hannunsa, idan ya ga tambarinsa a robar wani a kasuwar Kejetia, hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Sai maganar aji, inda muka sha muhawara. Gana tana bin tsarin Nice, wato tsarin ƙasa da ƙasa na rarraba kaya da hidima, mai aji 45: na 1 zuwa 34 na kaya, na 35 zuwa 45 na hidima. Sabulu da man shafawa aji na 3 ne, yaji na 30, sobolo na 32, tufafi na 25, gidan abinci na 43. Man kaɗe ma, na shafawa yana aji na 3, na girki yana 29. Kowane aji da takardarsa da kuɗinsa. Wasu iyayenmu mata sun ce ai wannan tatsa ce, kuma mai ƙaramin jari tana da gaskiyarta. Shawarar kwamiti ita ce a fara da ajin da ke ciyar da gida, sauran su biyo baya in hali ya yi. Tara aji don alfahari ɓarnar sidi ce, tunda tambarin da ya shekara 5 ba a amfani da shi ana iya neman a soke shi.

Kuɗin rajista gwamnati na sake duba shi lokaci-lokaci, don haka kada a riƙe farashin da maƙwabci ya biya bara, a tambayi ofishin Babban Magatakarda. Kuma a sa a bincika rajista, a ga ko wani ya riga ya yi rajistar irin tambarin, kafin a buga leda. Bayan an wallafa tambari akwai wata 2 da wani zai iya ƙalubalantarsa. Idan rajistar ta tabbata, shekara 10 take yi kafin sabuntawa. Lambar FDA, wato hukumar abinci da magunguna, daban ce, ba ta maye gurbinta.

Baɗi, in Allah Ya yarda, za mu haɗa takardun mambobi a kai Ankara (Accra) tare don rage kuɗin mota. Mai buƙata ya kawo wa sakatare hoton tambarinsa da jerin kayansa a taro na gaba.