A daina tura masu karatu goge ma'ajiyar burauza

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu kula da shafukan intanet. Sau da yawa mai shafi zai canza hoto, misali jadawalin jarabawa ko taswirar hasashen yanayi, amma mai karatu ya ci gaba da ganin na jiya. Abin ya fi ƙamari idan hoton na cikin iframe, wato tagar da ake dasa wani shafi a cikin wani. Mutum na yin ƙorafi sai a ce ya je ya goge ma'ajiyar burauzarsa. A ganina an ɗora laifi kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Burauza tana ajiye kwafin hoto ne don ta rage wa mutum cin data, kuma adireshin hoton take kallo, ba ruwanta da abin da ke cikinsa. Idan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba ta yanke mata wa'adin riƙe kwafin ba, sai ta yi kintace da kanta, yawanci kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da hoton ya yi ba a taɓa shi ba. Ke nan hoton da ya yi kwana 100 yana nan, tsohon kwafinsa zai iya ƙara kwana 10 a wayar mai karatu bayan an canza shi.

Ga inda abokan aikina ke ruɗewa. Tun Chrome 86 a 2020 da Firefox 85 a 2021, burauza tana ware ma'ajiya gwargwadon babban shafin da mutum yake kai. Mai shafi zai buɗe hoton shi kaɗai, ya danna Ctrl+F5, maɓallan da ke tilasta wa burauzar kwamfuta sake sauke shi, ya ga sabo, ya rantse ya gyara. Alhali kwafin da ke cikin tagar da aka dasa a shafin wasu yana nan daram. To balle mai waya, ina zai ga Ctrl+F5?

Gyaran yana hannunmu. Duk lokacin da hoto ya canza, a canza sunansa, ko a ƙara ?v=2 a ƙarshen adireshinsa, gaba ya zama ?v=3. Sai dai shafin da ke cikin tagar shi ne ke ɗauke da sabon sunan, saboda haka dole sabar ta aika shafin da umarnin Cache-Control: no-cache, in ba haka ba an yi aikin banza. Da wannan umarnin burauza za ta riƙa tambaya kafin ta nuna abin da ta ajiye. Idan babu canji sabar ta amsa da lambar 304, ba a sake sauke komai ba. Rubuta umarnin a meta, wato bayanan da ake sa wa a saman rubutun HTML na shafi, kuwa ba ya shafar hotuna. Mai amfani da Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin shafuka don su buɗe da sauri, ko makamancinsa ya tuna akwai wani kwafin a can da shi ma sai an goge.

Akwai masu liƙa lokacin agogo a adireshin hoto domin kullum a sauke shi sabo. Yana aiki, amma ban yarda da shi ba sai ga hoton da ke canzawa kowane minti, kamar na kyamarar tsaro. A kan tambarin makaranta, datar mai karatu kawai ake ƙonawa.

Naku,
Wani mai kula da shafukan intanet