Rahoton kwamitin gyaran tsohon siton hatsi na gari

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida da na waje. Alhamdulillahi aikin gyaran tsohon siton nan na bayan masallacin Juma'a ya kammala, har an mayar da hatsi an kulle, to kaman yadda muka yi alkawari ga bayanin yadda abin ya gudana.

Da farko kusan kowa cewa yake a yaye rufin gaba ɗaya a buga kwano a huta, mu kanmu a kwamiti kanmu ya rabu. Sai da Baba magini ya zo yasa aka tone ƙasar saman sannan muka ga ashe laifin ba na azara bane, indararon gabas ne ya toshe da ƙasa da ciyawa, ruwa ya dinga kwanciya damina bayan damina har ya ratsa ya ruɓar da zana da kawunan azarun da ke cikin bango ta wannan kusurwar. Sauran kuwa garau suke. Baba ya dinga binsu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gatari, wadda ta amsa da ƙarfi yace a mayar da ita, wadda ta yi lugub a jefa gefe. Dama azarar namijin giginya gara bata cika iya mata ba, ruwa ne babban abokin gabarta. Kuma gaskiya kwano zafi yake tarawa, ɗakin ƙasa yafi riƙe hatsi.

Inda muka sha wuya shine samun sabuwar azara, giginya tayi ƙaranci yanzu, kayan da aka fara kawo mana ma ɗanye ne Baba yace wallahi bazai ɗora a kan ginin jama'a ba, dole aka mayar aka jira busasshiya, wannan ne ya ja mana jinkirin da wasu suke ta tambaya akai.

Matasanmu sun ga abin mamaki wajen ɗaurin, dan babu ƙusa ko ɗaya. Azara bata tsallake fili mai faɗi, in ya wuce kamu huɗu ko kusa da haka sai ta fara lanƙwasa saboda nauyin ƙasa, shi yasa aka fara gitta tauyi, wato azarun da ake ɗorawa a karkace, a kusurwoyi dan a rage faɗin, a tsakiya kuma aka sake tada bakan gizon da ya tsage, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke tallafe rufin. Wajen tada shi ana fito da azara daga bango ta ɓangarori biyu kaɗan kaɗan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a barta ta sha iska kafin a ƙara wata a kai, haka har ƙafafun biyu suka haɗu a sama. Irin fasahar da shahararren maginin nan na da, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ita kenan, namu dai ƙarami ne. Ba'a yi masa gaggawa, in ka matsa Baba sai dai ya kalle ka ya cigaba da abinsa.

Sauran duk gayya ce. Samari suka kwaɓa ƙasa da ciyawa da ƙafa, masu amalanke suka yi ta jigila, iyayenmu mata suka ɗauki nauyin kunu da tuwo, Allah ya saka ma kowa da alheri. Akwai wanda yayi tayin siminti dan a shafe bangon, mun gode masa amma bamu karɓa ba, siminti akan ginin ƙasa ɓamɓarewa yake, ruwa ya shige ta baya. Makuba aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa aka yi yaɓen da ita.

Kuɗin da aka tara ya tafi ne a azara, kuɗin mota da ladan magina, lissafin yana manne a zauren mai gari duk mai son dubawa bismillah. Azarun da suka rage suna cikin siton. Kwamiti ya yanke duk shekara kafin ruwan fari za'a hau a share indararo a duba yaɓe, ƙungiyar matasa ce zata riƙe wannan, dan Allah shugabanninsu su same mu bayan sallar Juma'a a tsara.