Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya tambayi ko mu nawa ne a kan dutse

Assalamu alaikum Alhaji.

A taron da aka yi a Marwa ka miƙe gaban jama'a ka jefo mini tambaya uku: mu nawa ne a ƙauyenmu da har muke neman jauro, wato mai gari, namu na kanmu, shin a Kamaru muke ko a Najeriya, kuma wa ya naɗa Bahaushe, baƙo, ya yi magana da yawun Kapsiki, ƙabilar da ke zaune a kan dutsen nan. Na yi shiru a ranar saboda furfurarka. Amma maganar ta hana ni barci.

Ta ƙarshen ce ta fi yi mini ciwo. A kan dutsen nan aka binne cibiyata. Mahaifina ya hau shi da jaki yana sayar da gishiri da kanwa, tsofaffin gari suka yanka masa gona, har yau ni nake gyara jerin duwatsun da ke tare ƙasarta duk damina. Kabarinsa yana bayan gidanmu. Da Kapsikanci nake gaisawa da maƙwabta, da Fillanci nake ciniki a Mogode, kuma dattawan gari da kansu suka zauna a ƙofar gidana suka ce in rubuta takardar neman jauron, don ni na yi makaranta. Ka san duk wannan, Alhaji, domin ka ci tuwon gidanmu. Abin da nake zargi shi ne ɗan'uwanka ne ke riƙe da mu daga gindin dutse, kuma ba ka son a rage masa.

Batun iyaka ba ya buƙatar dogon bayani. Muna cikin ƙaramar hukumar Mogode, a Mayo-Tsanaga, kusa da Rumsiki. Dangi a Michika kam akwai su, Turawa ne suka raba ƙabila ɗaya biyu, ƙuri'ar 1961 ta bar wancan ɓangaren a Najeriya. Naira da sefa duka suna yawo a kasuwarmu, wannan bai sauya mana ƙasa ba.

Sai yawanmu. Adadin da ka karanto a taron na ƙidayar 2005 ne. Yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu wasunsu da goyo. Tun da rikicin Boko Haram ya taso, mutane sun ƙaru mana daga ƙauyukan bakin iyaka, masu yawon buɗe ido da ake samun na cefane a wurinsu kuwa suka ɗauke ƙafa. Da yawan yaranmu ba su da takardar haihuwa, don uwar da ta haihu a ɗaki ba ta da kuɗin babur zuwa ofis. Yaro ya kai ajin ƙarshe, a ce ba zai zauna jarrabawa ba. Na ga wata yarinya tana kuka a bakin aji saboda haka, allonta a ƙirji.

Dokar sarautu ta 1977 ta tanadi sarauta mai daraja ta uku domin ƙauye ko unguwa, perefe, wato wakilin gwamnati mai kula da Mayo-Tsanaga, shi ne ke tabbatar da ita bayan an tuntuɓi dattawa. Hanyar da muka bi ke nan. Muna son wanda yake kwana tare da mu, wanda ya san matanmu suna sauka da jarka tun asuba a watan Maris, ya riƙa kai kukanmu gaban magajin gari.

Ka hawo ranar kasuwa, Alhaji. Zan tarbe ka a inda mota ke tsayawa, mu bi gida-gida ka ƙirga da kanka.

Wassalam,
ɗan marigayi mai kanwa