Zana Da'ira a KLayout: Jan Hankali ga Ɗalibai

Edita, assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin ɗaliban lantarki.

Fayil ɗin GDSII, wanda ake ajiye zanen ƙananan na'urorin lantarki (chip) a cikinsa, bai san da'ira ba, sai siffa mai kusurwoyi. Saboda haka a KLayout, manhajar da ake yin wannan zane da ita, ana rubuta 'yan layukan Python su lissafa ɗigo-ɗigon bakin da'irar da sin da cos. Da'irar da daga tsakiyarta zuwa baki maikiron 10 ne (maikiron ɗaya nanomita dubu ne), ɗigo 64 na barin giɓin nanomita 12 tsakanin siffar da da'irar gaskiya. Da ɗigo 256 kuwa giɓin bai kai nanomita ɗaya ba. Amma kada a zarce, iyakar GDSII ɗigo 8191 ce a siffa ɗaya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne awo. Ka rubuta 10 kana nufin maikiron, manhajar ta ɗauka nanomita ne, da'irar ta ƙanƙance sau dubu, ka yi ta laluben allo.

Wasu malaman lantarki, Birnin Kebbi